Dare uku da allura ba ta shiga ba

Gado na bakwai yana kusa da taga, a nan aka kwantar da ita da yammacin wata Laraba. Tsohuwa ce mai shekara 68, ta zame a banɗaki ta karye a wuyan ƙashin cinya, daidai inda yake shiga kwatangwalo. Ba zan kama sunanta ba. Mama nake ce mata, ita kuma tun daren farko "'yata" take kirana. Shekarata tara ke nan a lokacin ina aikin jinya a ɓangaren ƙashi, kuma da an tambaye ni, da na ce babu abin da ya rage mini in koya a kan gudan jini.

Duk wanda aka ba shi gado, kafin a yi nisa sai an cika masa takardar auna haɗarin daskarewar jini. Sababbin ma'aikata suna ɗaukarta aikin biro, su jera alamar maki su wuce. Ni kujera nake ja in zauna, domin amsoshin suna bakin majinyaci da na mai jinyarsa, ba sa cikin fayil. Na tambayi Mama ko ƙafarta ta taɓa kumbura haka kawai, ko an taɓa ba ta maganin tsinka jini, ko a danginsu akwai wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiya. 'Yarta ce ta riƙa amsa yawanci. Sannan na juya ɗaya gefen takardar, wanda ake yawan mantawa: haɗarin zubar jini. Gyambon ciki, ciwon hanta, ciwon ƙoda, magungunan ciwon gaɓoɓi da take sha da kanta. Aikin gaba ɗaya tsakanin waɗannan biyun yake tafiya, jini kada ya daskare, kada kuma ya ƙi tsayawa.

A makarantar jinya an koya mana abubuwa uku da ke sa jini ya yi guda a cikin jijiya, ana jingina su ga Rudolf Virchow, likitan Jamus da ya bayyana a 1856 yadda gudan da ya ɓalle daga jijiyar ƙafa yake tafiya ya toshe ta huhu. Jini ya daina gudu yadda ya kamata, bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa. Na dubi Mama a kan gado, sai na ga ukun duka sun haɗu a jiki ɗaya. Ba ta motsi saboda zafi. Karaya ta raunata jijiyoyin da ke kewaye da ƙashin, tiyata kuma za ta ƙara. Jiki idan ya ji rauni da kansa yake ƙara wa jini kauri don ya tsayar da zuba. Ga shekaru, ga ƙiba, ga shi ta rage shan ruwa da gangan saboda ba ta son a riƙa kawo mata tasar fitsari.

Wannan na ƙarshen na daɗe a kansa. Tsofaffi da yawa sun gwammace su kwana da ƙishi da su danna ƙararrawa. Na ce mata, "Mama, tasar nan aikina ce, kada ki ji nauyina. Idan ba ki sha ruwa ba jininki ne zai yi kauri." Ta yi dariya, ta ce to, ta kurɓi rabin kofi don ta faranta mini.

Jinin ƙafa ba zuciya kaɗai ke mayar da shi sama ba. Naman sha-raɓa ne yake matse jijiyoyin ciki duk lokacin da mutum ya taka ƙasa, ƙananan marafai da ke cikin jijiyar su hana jinin komawa baya. Wanda ya kwanta kwana da kwanaki ya kashe wannan famfo. Shi ya sa na koya mata lanƙwasa sawu sama da ƙasa, kamar mai taka keken ɗinki, sau goma duk lokacin da ta tuna. Kwatancen ya zauna mata, don ta ce ta yi ɗinki a ƙuruciyarta.

Sai safa. Ba safar sanyi ba ce, ta matse ƙafa ce, ta fi matsewa a idon sawu tana sassautawa yayin da take hawa sama, don ta tura jini ya nufi zuciya. Ba a ɗauko ta da ka. Sai an sa tef an auna kewayen idon sawu da na sha-raɓa da tsawon ƙafa, sannan a zaɓi lamba. Kafin nan na taɓa bayan sawunta na ji bugun jini, na duba fata, na tambaye ta ko tana jin taɓawar da nake yi wa yatsunta. Wanda jijiyoyin kai jini ƙafarsa suka tsuke, ko wanda ciwon suga ya kashe masa jin ƙafa, ko mai fata kamar takarda, safar nan illa za ta yi masa. Masu shanyewar ɓarin jiki ma an daina sa musu tun bayan wani babban bincike da aka wallafa a 2009, wanda ya nuna ba ta rage musu gudan jini, sai ma ƙara musu gyambo. Na rubuta awon ƙafafun biyu a fayil. Ban san rubutun nan zai yi mini rana ba.

Likita ya rubuta mata enoksafarin, maganin hana jini daskarewa, miligiram 40 sau ɗaya a rana, ƙarfe goma na dare. Mu a wurin aiki Clexane muke ce masa. Ɗan sirinji ne da yake zuwa a cike, allurarsa siririya kamar gashi, ana yin ta a ƙarƙashin fatar ciki. Ana nisantar cibiya da kamar santimita biyar, a tattaro fata da yatsu biyu, a soka a miƙe, a tura a hankali ba tare da an saki fatar ba. Akwai ɗan kumfar iska a cikin sirinjin, ba a fitar da shi, shi ne yake tura ragowar maganin ya shige duka. Idan an zare kuma ba a murza wurin. Hannun mutum da kansa yake kai wa ga murzawa, shi ya sa nake riƙe hannun majinyaci na ɗan lokaci ina yi masa hira. Wanda ya murza, washegari zai ga tabo baƙi kamar an mare shi. Yau dama, gobe hagu.

An yi mata ranar Laraba da Alhamis. Ta Alhamis na tabbatar an rubuta lokacinta daidai, domin za a yi mata allurar kashe zafi ta ƙashin baya ranar Juma'a ƙarfe sha ɗaya, kuma dole a sami aƙalla awa 12 tsakanin allurar rigakafin nan da sokawar baya. In ba haka ba jini zai iya taruwa ya danne laka, mutum ya rasa ƙafafunsa.

Tiyata ta yi kyau. Amma da yamma robar da aka bari a wurin aikin tana fitar da jini fiye da yadda likitan ƙashi yake so, sai ya ce kada a yi mata allurar daren. Hukunci ne mai kyau, har gobe ban ga laifinsa ba. Ƙaramin likita ya rubuta a katin magani, a layin Juma'a: "A dakata." Kalma biyu. Babu dalili, babu ranar da za a sake dubawa. Aka sa mata rigar ƙafa ta na'ura a madadin maganin, irin wadda injin yake hura wa iska ta matse sha-raɓa ta saki, ta matse ta saki, tana kwaikwayon tafiya.

Ba na aiki ranar Juma'a. Na dawo daren Asabar.

Wajen miƙa aiki aka ce mini, "Gado bakwai, kwana ɗaya bayan tiyata, lafiya lau, an dakatar da Clexane." Na gyaɗa kai. Ƙarfe goma na zo kan katinta, na ga "a dakata" a layin jiya, na ga babu sabon umarni, sai na sa lambar da ke nufin ba a bayar ba bisa umarnin likita, na sa hannu. A daren muna da majinyata ashirin da shida, mu biyu, ga wani dattijo da ya rikice yana ƙoƙarin sauka daga gado. Ba uzuri nake kawowa ba, yadda abin ya faru nake faɗa. A raina na ce likitoci sun san da maganar, za su duba a zagayen safe. Likitan da ya yi zagayen Lahadi ba shi ya yi aikin ba, ya ga robar jinin an cire, ya ga rauni a bushe, ya wuce, shi ma a ransa ya ɗauka ana yi mata allura. Daren Lahadi na sake sa lambar nan, na sake sa hannu, wannan karon ko tsayawa tunani ban yi ba, don hannuna na jiya na gani a sama.

Na'urar ƙafar kuwa, duk lokacin da na leƙa, fitilarta a kunne take tana huci. Abin da ban yi ba shi ne ɗaga bargo. Daga baya 'yar ta gaya mini cewa Mama tana kukan zafi da ƙaiƙayi, ba ta iya barci, sai ta riƙa kwance mata rigar da dare ta ajiye a gefen ƙafa, ta mayar kafin safiya. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata amfanin abin. Ta ɗauka na'urar tausa ce, ta jin daɗi.

Daren Litinin na shigo, na tarar da 'yar a bakin gado tana matsa wa uwar sha-raɓar hagu da mai.

Na ce, "Yaya, me ya faru?"

Ta ce, "Tun la'asar take cewa ƙafar ta yi mata nauyi, kamar jijiya ta ɗaure. Safar ma ta matse ta, na cire."

Na ce ta dakata, na yi ƙoƙari kada muryata ta nuna abin da ke raina. Na yaye bargon duka, na jera ƙafafun biyu. Ta hagu, wadda aka yi wa aiki, ta fi cika, fatar tana ƙyalli, kuma da na ɗora bayan hannuna na ji ta fi ɗayar ɗumi. Ƙafar da aka yi wa tiyata takan kumbura, wannan ba sabon abu ba ne, kuma nan ne tarkon yake. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin ban yarda da ido ba. Na ɗauko tef, na laluba ɗan tudun ƙashin da ke ƙasa da gwiwa, na auna santimita goma zuwa ƙasa, na sa alama da biro a ƙafafun biyu, na zagaya. Dama 37. Hagu 41. Ranar Laraba duka biyun 37 na rubuta. Bambancin da ya wuce santimita uku yana cikin abubuwan da ake ƙirgawa a ma'aunin Wells, wanda likitoci ke amfani da shi su kimanta yiwuwar guda. Na danna yatsa a ƙwaurinta, wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Na bi tsakiyar sha-raɓar a hankali, ta ja numfashi ta ce, "Nan ne, 'yata."

Akwai wani tsohon gwaji da aka koya wa na gaba da mu, a tanƙwara sawu sama da ƙarfi a ga ko sha-raɓa za ta yi zafi. Ban yi ba. Ba ya tabbatar da komai, ba ya kore komai.

Sai na buɗe katin magani. Layi uku a jere babu allura, biyu daga ciki da sa hannuna. Jikina ya yi sanyi har tafin ƙafa.

Na kashe na'urar na ɗauke rigar gaba ɗaya, domin idan ana zargin guda ya riga ya zauna, matsa ƙafa ba taimako ba ne. Na ce wa 'yar, "Yaya, daga yanzu ba tausa, ba mai, ba ruwan zafi. Muna zaton jini ne ya daskare a jijiyar ciki. Idan aka matsa zai iya ɓallewa ya tafi huhu." Ta dubi hannunta da ke sheƙi da mai, idonta ya ciko. Na ce mata ba laifinta ba ne, kowa ya ga uwarsa tana ciwon ƙafa abin da zai yi ke nan. Ban ƙara da cewa na san inda laifin yake ba. Lokacin bai yi ba.

Na auna bugun zuciya 88, numfashi 18, iskar jini 96, hawan jini daidai. Na kira likitan da ke kan kira. Na koyi cewa idan kana son likita ya taso da dare, kada ka ce masa ƙafa ta kumbura. Na ce, "Likita, gado bakwai, kwana uku bayan aikin kwatangwalo, sha-raɓar hagu ta fi ta dama da santimita huɗu, da zafi da ɗumi, kuma rabonta da Clexane tun daren Alhamis." Ya yi shiru, ya ce, "Tun Alhamis?" Na ce tun Alhamis. Cikin minti goma ya iso.

Bai nemi gwajin jinin nan na di-daima, mai nuna alamar guda a jiki, ba, don wanda aka yi wa tiyata kwana uku da suka wuce dole gwajin ya hau, da guda ko babu. Hoton jijiya ake bukata, na na'urar sauti, shi kuma sai da safe. Ƙa'ida ita ce idan zato ya yi ƙarfi kuma hoto zai yi jinkiri, ba a jira, ana fara magani. Amma ga mace da aka dakatar wa ƙaramin awo saboda zubar jini, yanzu za a ba ta babba. Ya kira likitan ƙashi a waya, suka duba rauni, suka duba yawan jininta na safiyar ranar, da aikin ƙoda, da ƙwayoyin filetilet masu taimaka wa jini ya daskare. Ƙoda tana da muhimmanci domin ta nan maganin yake fita, idan ta yi rauni sai ya taru a jiki. Filetilet kuma saboda akwai wata cuta da magungunan hefarin, dangin da enoksafarin yake ciki, suke jawowa da kansu, yawanci tsakanin kwana biyar zuwa goma da fara shi, ƙwayoyin su faɗi warwas, jini kuma maimakon ya tsinke sai ya riƙa daskarewa. Nata suna nan daidai. Suka amince a fara.

Awon magani na warkarwa da nauyin jiki yake tafiya, miligiram ɗaya ga kowane kilo, sau biyu a rana. Nauyin da ke fayil 'yar ce ta faɗa da baki ranar da aka kwantar da su. Ban yarda in yi lissafi da shi ba. Muka kawo kujerar awo, mu uku muka ɗaga Mama a hankali muka zaunar da ita, tana salati. Kilo 71, ba 80 da aka rubuta ba. Likita ya rubuta miligiram 70. Na ɗauko sirinji mai 80 mai layukan awo, na juya bakin allurar ƙasa don kumfar ta tsaya a sama, na zubar da rarar har layin, abokiyar aikina ta duba ta sa hannu. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin allurar ta shiga.

Mutane suna cewa maganin yana narkar da guda. Ba ya narkarwa. Hana shi girma yake yi, ya hana wani sabo fitowa, jiki kuma da kansa ya riƙa cinye tsohon a hankali cikin makonni. Wannan yana nufin daren farko gudan yana nan inda yake, sabo, bai gama manne wa bango ba. Na matsar da kujerata inda nake hango gado na bakwai, na bar na'urar awon iska a yatsanta.

Wajen ƙarfe huɗu na asuba na ji na'urar ta canza kuka. Na je na tarar da ita ido biyu, ta dafa katifa tana son tashi zaune. Bugun zuciya 114. Numfashi 26. Iska 90.

"Mama, ina ke miki ciwo?"

"Ba ciwo, 'yata. Tsoro kawai nake ji, ban san na mene ne ba."

Wannan maganar ta fi lambobin tayar mini da hankali. Littafi yana lissafa sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji mai suka idan an ja iska, tari da jini, suma. Duk gaskiya ne. Amma sau da yawa abin da ke fara zuwa bugun zuciya ne da ya hau babu zazzaɓi, da wani firgici da majinyaci ya kasa ba shi suna. A shekarata ta biyu da fara aiki na ga wani magidanci da ake shirin sallama, ya tashi zai shiga banɗaki, ya ce kansa yana juyawa, bai kai ƙofar ba. Tun daga ranar ban ƙara ce wa majinyaci "kwantar da hankalinka, ba komai" ba kafin in auna shi.

Na ɗaga kan gadon, na sa mata oksijin, na danna ƙararrawar neman taimako, na auna hawan jini. 128 bisa 76. Wannan lambar ce na fi so in gani, domin guda babba idan ya toshe hanyar huhu, ɓangaren dama na zuciya yakan kasa turawa, jini ya faɗi, a nan ne ake rasa mutum. Abokiyar aikina ta sa mata babbar kanula, robar ƙarin ruwa, a hannu, muka ɗauki zanen bugun zuciya, ba abin da ya nuna sai sauri. Likita ya zo, ya kira na sama da shi. Cikin rabin awa iskarta ta koma 95 da oksijin, bugun ya sauko kusa da ɗari. Na zauna a gefenta na riƙe mata hannu har gari ya waye, ina auna ta duk minti goma sha biyar. 'Yar tana tsaye a ƙarshen gado, ta ƙi zama.

Da safe aka yi hoton huhu na siti sikan da ruwan rini a jijiya, aka ga ƙananan gudaje a reshen huhun dama. Hoton ƙafa ya nuna gudan ya taso daga sha-raɓa ya kai jijiyar bayan gwiwa. Maganin bai canza ba, wanda aka fara da dare shi ne dai. Akwai allura mai ƙarfi da ke fasa guda nan take, amma ta wanda jininsa ya faɗi ce, kuma ga mai sabon ɗinki haɗarinta ya yi yawa.

Kafin in tafi gida na cika takardar rahoton kuskure. Na daɗe riƙe da biro a wurin da ake rubuta abin da ya faru. Ana iya rubuta shi yadda sunan kowa ba zai fito ba: an dakatar da magani, ba a sake dubawa ba. Na rubuta cewa ni ce na sa hannu daren Asabar da Lahadi ban tambayi kowa ba, kuma ban duba ko rigar na'urar tana jikinta ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shugabar ɗakinmu ta karanta a gabana, ta cire tabarau, ta ce, "Sista, mutum nawa ne suka ga katin nan daga Juma'a zuwa Litinin?" Muka ƙirga tare. Goma sha ɗaya, da likitoci da ma'aikatan jinya. Ban ji sauƙi ba, don a cikin sha ɗayan ni ce allurar take hannuna ƙarfe goma. Ba zan iya rantsuwa cewa da an yi alluran uku gudan ba zai fito ba. Rigakafin rage haɗari yake yi, ba ya kawar da shi. Amma an hana ta damar da take da ita.

Da yammacin ranar likitan ƙashi da shugabarmu suka zauna da 'yar suka gaya mata gaskiya, ni ma na roƙa a bar ni in kasance a wurin. Ta saurara har ƙarshe. Abin da ta tambaya ɗaya ne: me ya sa ba wanda ya gaya mata amfanin na'urar? Ba mu da amsa.

Kwanakin da suka biyo baya ido ya koma ɗaya gefen. Yanzu zubar jini muke tsaro. Kullum in duba bandejin rauni, in duba cinyar ko tana ƙara tauri, in tambayi launin fitsari da na bayan gida, don baƙin bahaya mai kama da kwalta alamar jini ne daga ciki. Dasashi, haɓo, tabon da ba a san dalilinsa ba. Ciwon kai mai tsanani ko rikicewa, wannan na gaggawa ne. Aka hana ta magungunan ciwon gaɓoɓin da ta saba sha, aka hana yi mata allura a tsoka. Ana ɗibar jini ana bin yawansa da filetilet.

Abin da ya ba 'yar mamaki shi ne da ma'aikacin fisiyo, mai koya wa majinyata motsa jiki, ya zo da sandar tafiya mai ƙafa huɗu bayan kwana biyu, numfashin Mama ya daidaita, ya ce ta tashi. Ta ce ba mu ne muka ce kada a taɓa ƙafar ba? Na yi mata bayani cewa tausa daban, tafiya daban. Da can akan kwantar da mai guda kwanaki ba motsi, yanzu an gane idan magani ya fara aiki kuma jiki ya natsu, tafiya ba ta ƙara haɗari, tana ma rage kumburi da zafi. Kwanciyar ce ta kawo mu nan tun farko. Mama ta yi taku shida a ranar, tana yi wa saurayin faɗa cewa ba shi da tausayi.

Da za a mayar da ita kan ƙwaya, likitoci suka tattauna tsakanin wafarin da sababbin magunguna. Wafarin tsoho ne, maganin ɓera aka fara sayar da shi a 1948 kafin a amince da shi ga mutane a 1954, kuma har yau yana aiki. Sai dai yana da wuyar sha'ani: ba ya kama jiki sai bayan kwanaki, don haka dole a haɗa shi da allura aƙalla kwana biyar har awon INR, mai nuna yadda jini ya tsinke, ya shiga tsakanin 2 da 3, sannan a yi ta zuwa gwajin jini, ga shi magunguna da yawa suna taɓa ƙarfinsa. Ga tsohuwar da ke koyon tafiya, zirga-zirgar ta yi yawa. Ƙodarta lafiya, sai aka zaɓi afiksaban, sau biyu a rana, na aƙalla wata uku, a sake duba ta kafin a tsayar. Ƙwayar farko ta sha ta ne a daidai lokacin da allura ta gaba za ta kasance, ba a haɗa su ba, ba a kuma bar tazara ba.

Ranar sallama na ɗauki kusan awa guda da su. Na zana wa 'yar jadawali a takarda, safe da dare, ta riƙa sa alama. Na ce kada maganin ya yanke ko na kwana ɗaya, don sababbin nan ƙarfinsu yana barin jiki da wuri. Ta karɓo wani tun saura na mako guda. Idan an manta, kada a ninka. Duk likitan da za su gani, har na haƙori, a fara gaya masa tana shan maganin tsinka jini. Idan ta faɗi ta bugu a ka, a kawo ta ko da ta ce lafiyarta ƙalau. Sannan na sa 'yar ta maimaita mini alamomin da za su sa su taho ba jira, da bakinta, har sau biyu. Haɗarin guda ba ya ƙarewa a ƙofar asibiti, ana ƙirga shi har kwana 90 bayan sallama.

A ɗakinmu an canza katin. Yanzu ba a rubuta "a dakata" shi kaɗai, sai da dalili da ranar sake dubawa, kuma duk maganin rigakafin da aka tsallake sau ɗaya sai an ambace shi wajen miƙa aiki. Ni kuma na ɗauki wata ɗabi'a da ke ba ɗalibai dariya, ba na wuce gado da dare ban ɗaga bargo na ga ƙafa ba.

Bayan mako shida suka zo ganin likita, suka biyo ta ɗakinmu. Mama tana dogara sanda guda ɗaya. Ta zauna a kujerar da ke bakin teburinmu, ta janye zane ta miƙo mini ƙafar, ta ce da safe lafiya lau take, amma kafin yamma sai ta yi nauyi ta cika. Na gaya mata guda yakan lalata ƙananan marafan nan na cikin jijiya, wasu kumburin yana tafiya da lokaci, wasu yakan zauna musu. Ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi idan ta zauna, ta ci gaba da tafiya, ta kuma gaya wa likita yau ɗin nan don a auna mata safar da ta dace. Ta ce, "To auna mu gani, 'yata, na san tef ɗin yana aljihunki."

Yana nan kuwa. Na durƙusa, na laluba tudun ƙashin, na sauko santimita goma. Dama 37, hagu 38 da rabi. 'Yar ta zaro takardar jadawalin daga jaka, duk ta cika da alamomi, ta juya bayanta ta ce in rubuta mata lambobin a nan da kwanan wata.